Sati Biyu Ba Hannuna a Ruwan Abba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Auta, ke fa kin cika jan rai, ki auri bawan Allahn nan mana ki huta," yau zan ba ku amsa. Ku gyara zama. Abin da zan faɗa ko ƙawata ta ƙut-da-ƙut ban faɗa mata ba, kuma in kun gama karantawa kuka zage ni, wallahi ba zan ga laifinku ba.

Wanda bai san gidanmu ba, bari in shigo da shi falo. Kana shigowa, hannun dama, akwai tankin gilashi da tsawonsa ya kai na kujerar zaman mutum uku. A cikinsa kifi bakwai. Ba na ci ba ne, kada wani ya fara haɗiyar yawu. Masu sayar da su loci suke ce musu, mu a gida 'yan gemu, saboda wasu 'yan gasu da ke bakinsu da suke laluben yashi da su. Launin lemo ne da su, da ratsin baƙi uku-uku. A gaban tankin kuma kujerar Abba ce mai taya. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi tare da shi. Hankalinsa ras, idonsa ras, hannun hagu yana aiki. Baki ne kawai babu.

Shekara talatin Abba ya yi a gidan ruwa, aikinsa gwada ruwa kafin a sako shi cikin gari. Da ya yi ritaya sai ya kwaso aikin ya kawo shi falo. Yaya yana can wajen ƙwallo, Umma ta ce ita ba ta ga abin kallo a kifin da ba a soyawa ba, sai ni 'yar neman suna na liƙe masa. Ni ya koya wa komai. Duk Asabar a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ba fiye ba. Sabon ruwa sai ya kwana biyu a durom buɗe, an ɗiga masa maganin da ke kashe kulorin ɗin famfo, an auna ɗuminsa ya yi daidai da na tankin. Yashi mai laushi, don tsakuwa tana cinye musu gemu. Abinci ɗan tsunkule, wanda za su gama kafin ka ƙirga ɗari.

Sai soson da ke cikin matacin ruwa. Wannan soso ku riƙe shi a ranku. In kun gan shi sai ku toshe hanci, launinsa ruwan ƙasa, ya yi yauƙi. To wannan dauɗar ita ce ran tankin. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifin. Ba a wanke shi a famfo, ba a kai shi kusa da sabulu. Sau ɗaya a wata ake ɗan matsa shi a cikin tsohon ruwan tankin a mayar. 'Yan gemu kuwa fatarsu kusan tsirara take, ba su da ɓawon kirki irin na sauran kifi, duk abin da ya ɓaci a ruwa su yake fara ci.

Bara na yi tafiyar kwana huɗu kacal. Kafin in dawo ɗaya ya mutu. Abba ya rufe bakinsa, ko ruwa ya ƙi karɓa, kwana biyar, sai a asibiti da ƙarin ruwa aka samo kansa. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba. Tun daga ranar ban ƙara kwana a wani gida ba. Shekarata ashirin da tara, ina da takardun karatuna a ƙasan akwati, amma aikina a duniya shi ne ɗaukar bokiti.

Shi kuma mutumin, Mai Gilashi na ajiye sunansa a wayata, tun ranar da ya zo toshe mana wata 'yar tsaga a kusurwar tankin. Aikin minti ashirin ya yi shi a awa biyu, har Umma tana leƙowa tana tambaya ko gam ɗin ne ba ya kamawa. Dogo ne, marar hayaniya, yatsunsa duk tabon yanka. Shekara biyu da wata huɗu yana zuwa, yana zama kusa da Abba suna kallon kifi tare kamar masu kallon labarai. Yanzu ya samu aiki a wata masana'antar gilashin mota, garin da sai an wuni cur a hanya. Ƙarshen wata zai tafi.

A bakin ƙofar gida ya gaya min, yana murza makullin babur ɗinsa, ya kasa kallona.

"Auta, ban taɓa miki ƙorafi ba."

"Na sani."

"Mahaifiyata ta ce ko in tafi da rana a hannuna, ko in tafi ta nemo min wata. Na ba ta haƙuri har kunyarta nake ji. Ki taimake ni, ki ba ni abin da zan kai mata."

Ina son mutumin nan. Ban iya kwana-kwana ba, ina son shi, kuma ina son in fita daga falon nan. Ga shi na faɗa.

Washegari aka zauna. Umma tana ninke wanki, kanta a ƙasa. Yaya yana tsaye, don shi bai iya zama a yi magana ba, kullum kamar mota na jiransa. Matarsa, Anti, tana hannun kujera. An tura Abba ɗaki ya kwanta.

"Ba wanda ya hana ki aure," in ji Yaya. "Ni da za ki tafi gobe ma da na fi kowa murna. Amma kin ga abin da ya faru bara. Ki tafi da wata biyu a kira ni a ce Abba ya rufe baki, in yi yaya?"

"Sai in zauna har yaushe, Yaya? Kifin nan fa suna kai shekara ashirin."

Umma ta ɗago. "Kul! Kada in ƙara jin kina ƙirga shekaru a gidan nan."

Na gane abin da ta ji a maganata, ni ma kuma na ji shi.

Anti ce ta ceto ni. "Haba, wai kifi ne fa. Ni ta koya min mana. 'Ya'ya uku na raina, bakwai ɗin da ba sa kuka ne za su gagare ni?"

Yaya ya kalle ta, ya kalle ni. "To shi ke nan. Sati ɗaya ki koya mata. Daga nan sati biyu cif, ba hannunki, ba bakinki. Ko tari kada ki yi a gaban tankin nan. Don in kin tafi ba ki nan, waya kuma ba ta ganin ruwa. In sati biyu suka cika kifi lafiya, Abba yana cin abinci, ranar manyan mutumin naki su zo a tsayar da rana. In kika saka hannu ko baki, kin nuna mana da kanki ba za a iya ba, a bar maganar."

"Na yarda," na ce, tun kafin ya rufe baki.

Ya zare jan biro daga aljihu ya zagaye ranar a kalandar da ke gefen tankin.

Ku fahimce ni, Anti ba muguwa ba ce. Matar nan saboda ni ta ɗauki wahalar. Laifinta ɗaya a duniya, tsabta. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Gidanta in ka shiga sai ka rasa inda za ka ajiye ƙafarka. Sati guda tana bina da littafi tana rubutu, hannun rigarta a naɗe, ta iya jan ruwa da tiyo, ta iya auna ɗumi, ta iya ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalba ta ga launi, duk da ta ce wannan ɓata lokaci ne, ruwa mai kyau ido ma yana gane shi. Ranar ƙarshe ta nuna matacin.

"Wannan fa?"

"Wannan ki bar shi kawai, Anti. Sai wata-wata ake taɓa shi."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban buɗe na nuna mata ba, ban gaya mata dalili ba. Wayata ce ta yi ƙara a lokacin, Mai Gilashi ne, na fice ina murmushi kamar sakarya.

Kwana biyar na farko lafiya lau. Kullum da safe Yaya zai biyo kafin ya wuce aiki, ya soke rana ɗaya da jan biro. Ni kuma na rasa abin yi da hannuwana. Na yi kitso, na tsefe, na sake yi. Na fito da dogayen rigunana na goge su ɗaya bayan ɗaya. Mai Gilashi yana turo min hoton gidan da za a ba shi, ɗaki biyu, da wata 'yar baranda.

"Nan za ki sa tukwanen fulawarki," ya rubuto.

"Ba tanki?"

"Ko kofin ruwa sai kin ce a shigo da shi."

Na yi dariya har da hawaye. Na manta rabon da in yi irin wannan dariyar.

Rana ta shida, da hantsi, na fito tsakar gida zan shanya mayafi. A kan igiya, an maƙale shi da abin shanya tsakanin safar Abba da tsumman kicin, na ga soso. Fari tas. Yana ɗiga, yana ƙamshin sabulun wanke-wanke mai lemon tsami.

Soson matacin tankin ne.

Anti ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta fal murna. "Ke Auta, ashe ƙazama ce ke ban sani ba! Injin nan na ji yana wani gurnani, na buɗe, wallahi sai da na kusa amai. Shekara nawa rabon da a wanke abin nan? Sau uku na cuɗa shi, na zuba masa tafasasshen ruwa. Kada ki ce komai, na san an ɗaure miki baki. In mijinki ya ga wannan ai sai ya fasa."

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe. Sai na hango kalandar ta ƙofar falo, jajayen layuka shida, na mayar da bakina na rufe. Na ce a raina, wataƙila su jure. Ruwan da yawa, kifin bakwai ne kawai, kwana takwas ya rage. Wataƙila.

Rana ta takwas ruwan ya fara yin hazo-hazo, kamar an ɗiga madara. Rana ta tara 'yan gemu suka fito.

Abin da ya sa wannan ya zama masifa, 'yan gemu ba masu son fili ba ne. Lafiyarsu ita ce ka gan su a ƙasa, sun cunkushe cikin kogon icen da ke tankin, wani kan wani, ko su kwanta a gefe ɗaya kamar matattu su tsorata baƙo. Da yamma su fito su yi ta tonon yashi, har kana jin ƙas-ƙas ɗin bakinsu in suna cin abinci. Shekara da shekaru Umma tana mitar an cika mata falo da kifin da ba a gani. To ranar sai ga su duka a sama, suna hawa suna sauka a jikin gilashi, suna kai baki saman ruwa.

"Umma, zo ki gani!" Anti ta ƙwala kira. "Wallahi sun saba da ni! Da na matso sai su taso!"

Umma ta zo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe haka suke da kyau. Ke Auta, shekara nawa kina kulle su a rami?"

Yaya da ya zo har bidiyo ya ɗauka ya tura wa dangi. Anti don jin daɗi ta ƙara musu abinci, cikin tafin hannu guda, wai yaran suna girma.

Mutum biyu ne kawai a gidan nan suka san abin da suke kallo. Ba wasa kifin suke yi ba, numfashi suke nema. Gubar ta taru, ba mai cinye ta, tana ƙona musu maƙogwaro. Launin lemon nan ya koɗe, baƙin ratsin ya koma toka-toka, gefen kansu yana bugawa da sauri-sauri. Na juya na kalli Abba. Ashe ni yake kallo. Ban iya jure idonsa ba, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Za ku ce, to ki ja Anti gefe mana ki raɗa mata, wa zai sani? Na gwada. Rana ta goma muna wanke-wanke na ce, kamar da wasa, "Anti, kin kuwa yi gwajin kwalbar nan kwanan nan?"

Ta tsaya da kwano a hannu. "Wani abu ne? Auta, ki gaya min gaskiya. Ni fa na faɗa wa yayanki, in ko ɗaya ya mutu a hannuna ba zan ƙara taɓa tankin nan ba har abada. Ba da ni za a kai Abba asibiti ba."

"A'a, ba komai. Tambaya ce kawai."

Hankalinta bai kwanta ba. Da rana ta saka mayafi ta tafi shagon masu sayar da kifin ado, ta dawo da wata kwalba mai shuɗin magani, wai na rigakafi. Ta karanta jikin kwalbar ta zuba cikakken awo, yadda aka rubuta. 'Yan gemu ko rabin awo da ƙyar fatarsu take ɗauka. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallo ruwan yana rinewa. Da daddare kuma, saboda ita ba ta ɓoye wa mijinta komai, ta ba shi labarin tambayata. Da safe Yaya ya tsare ni a zaure.

"Na ji an ce kin fara tari."

"Yaya, tambaya ce fa..."

"Wannan na yafe. Na biyu babu. Saura kwana uku, Auta, ki riƙe kanki. Kifi ga su nan garau, kowa yana gani."

Kun ga inda nake? In na yi magana, na kashe aurena da bakina. In Anti ta gane ta yi kuskure, ta zare hannunta, aurena ya mutu. In na yi shiru, na san lissafin da ba wanda ya sani, wataƙila su kai ranar da ransu, a tsayar da rana, a sha lemo, a watse, sannan su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gaban mahaifina. Kuma na zaɓi shirun. Kwana uku ina wucewa ta falo kaina a sunkuye, ina kai wa Abba shayi ba na kallon fuskarsa. Abin da ya fi ci min rai, yana cin abincinsa. Umma ta kai cokali ya buɗe baki, ya haɗiye da ƙyar, ya sake buɗewa. Ban gane ba a lokacin, na ɗauka bai ga munin abin ba kamar yadda nake gani.

Rana ta goma sha uku, bayan azahar, Umma da Anti suka tafi kasuwa sayo sababbin labule saboda baƙin gobe. Yaya yana wurin aiki. Gidan ya rage daga ni sai Abba, sai ƙarar injin tankin.

Ina ɗaki na shimfiɗa rigar da zan saka gobe a kan gado, ruwan zuma, da ɗinkin zare a wuya, Mai Gilashi ne ya ce wannan launin yana karɓata. Na ajiye mayafinta a gefe, na fito da takalmi. Na fito falo zan ɗauki dutsen guga, sai tsautsayi ya sa na ɗaga kai.

Tsohuwa, babbarsu, wadda ta shekara goma sha ɗaya a gidanmu, tana tsaye a kusurwa kanta a sama, bakinta yana buɗewa yana rufewa. Gemunta ya fara narkewa. Jikinta ya yi wani fari-fari kamar an shafa mata koko.

Ban san lokacin da na ajiye dutsen gugar ba. Na ruga bayan gida na ɗauko bokiti da tiyo. Durom yana nan cike, ruwan ya kwana uku, na tsoma hannu na ji ɗuminsa daidai. Rabin tanki yau, rabi gobe da asuba, in cire abincin da ya ruɓe a yashi, wataƙila in ceci biyar. Na san Anti za ta gane da ta shigo, shuɗin maganinta zai dushe. Na sani sarai. Ina kuka ina jan bokitin, ina zagin kifin, ina zagin kaina, har Mai Gilashi da bai san hawa ba bai san sauka ba sai da ya samu rabonsa.

Na ɗaga murfin tankin, na ɗaga tiyo zan tsoma.

Hannu ya damƙe min wuyan hannu.

Ban san Abba yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya turo kujerarsa da ƙafa ɗaya har ya iso ni ban ji ba. Yatsunsa sun nutse a fatata.

"Abba, sake ni. Mutuwa za su yi."

Ya girgiza kai.

"Abba, soson ta wanke da sabulu. Ta zuba musu magani cikakken awo. Ka ga Tsohuwa kuwa?"

Ya lumshe ido ya buɗe. Ya gani. Tun kafin ni ya gani.

"To ka bar ni mana! Ni na jawo, ni ban gaya mata ba. Na fasa, Abba, wallahi na fasa, ya je ya auri wadda za a nemo masa. Ni ba zan iya ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin wanda yake yi in ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fizgi hannuna ƙasa har tiyon ya faɗi. Sannan ya ɗaga haɓarsa ya nuna kalanda, inda jan biro ya zagaye gobe. Ya juyo da haɓar ya nuna ni. Ya nuna ƙofar fita. Ya yi haka sau biyu, a hankali, yadda yake maimaita min awon magani ina yarinya.

A nan na gane cin abincin. Kwana biyar mutumin nan yana zaune yana kallon abin da ya fi so a duniya yana shaƙewa a gabansa, yana tura shinkafa cikinsa da ƙarfin tsiya, don kada Yaya ya ce an faɗi jarrabawa.

Na durƙusa a gaban kujerar na kifa kaina a gwiwarsa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Ya bar ni na yi mai isata, hannunsa a kaina. Can ya taɓa kafaɗata, ya nuna bokiti da tiyo, ya nuna hanyar bayan gida. Na kwashe su na mayar, na goge ɗigon ruwan da ya zuba a ƙasa da gefen zanina.

Da na dawo ya sake kama hannuna, wannan karon a hankali, ya ja ni gefen tankin, ya nuna bayan icen. Sai da na sunkuya na gani. Ɗan Tsako ne, ƙaraminsu, wanda ni na sayo wa Abba da kuɗina watan da aka sallamo shi daga asibiti bara. Ya maƙale tsakanin ice da gilashi, cikinsa a sama. Wannan ba kwanciyar wasa ba ce.

Na kalli Abba. Ya gyaɗa kai, ya saki hannuna.

Na naɗe hannun riga na tsoma har kafaɗa na ciro shi. Ko tsawon yatsana na tsakiya bai fi ba sosai. Ina rufe murfin ke nan na ji ƙarar ƙofar gida da muryar Anti tana dariya. Na saki hannun rigar ya rufe jiƙar, na dunƙule kifin a tafin hannuna na hagu, na kai shi bayana. 'Yan gemu suna da wata 'yar ƙaya a ƙarƙashin ido, ta miƙe, ta shige min tsoka.

Suka shigo da ledoji niƙi-niƙi. Umma ta zube a kujera tana kiran a kawo mata ruwa. Anti ta warware labule ɗaya, ruwan madara mai zanen ganye, ta kara shi a taga.

"Auta, ya kika gani? Ba za su raina mu ba ko?"

"Ya yi kyau, Anti."

"Me ya samu idonki?"

"Bacci na yi."

"Amarya, tun yanzu an fara kukan rabuwa." Ta yar da labulen ta nufi tankin. "Ina 'ya'yana? Kai, ku ga yadda suke murna na dawo! Ɗaya, biyu, uku... biyar, shida. Ina ƙaramin? Ɗan banzan ya shige rami ke nan. Auta, ba haka suke yi ba?" Ta rufe baki da hannu tana dariya. "Au, yi haƙuri, na manta an ɗaure ki. Abba, kai ne malamin. Ɓuya ya yi ko?"

Abba ya dube ta. Ya gyaɗa kai.

"Na faɗa!" Ta tafa hannu. "Saura kwana ɗaya, Abba. Ka ga 'yarka ta ce ba zan iya ba."

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigata, saƙon Mai Gilashi ne. Na ciro ta da hannun dama, na hagun yana baya, wani abu mai ɗumi yana bin tsakanin yatsuna, ban san ko ruwa ne ko jini ba.

"Gobe ƙarfe huɗu su kawu za su iso. Mahaifiyata tun safe take waƙa a kicin. Auta, har yanzu ban yarda ba. Ya Abba? Ya 'yan gemu?"

Na ɗago. Umma tana shan ruwa, Anti ta buɗe gwangwanin abincin kifi tana zubawa a tafin hannu. Abba ya juya kujerarsa kaɗan, ya ba tankin baya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Idonsa yana kan wayata, yana jira.

Da babban yatsa ɗaya na rubuta, "Duk lafiya lau suke. Allah ya kawo su lafiya."

Na tura.